Ɗan tunkiya ya yi sanyi, ya kasa tsotso: me ake fara yi?

Tambayar ta fito daga wata Hajiya a Aboabo, nan Kumasi. Tunkiyarta ta haifi tagwaye cikin dare ana ruwa, ba wanda ya gani sai bayan sallar asuba. Ɗaya ya miƙe yana tsotso, ɗayan yana kwance a kan siminti, jikinsa jiƙe, bakinsa sanyi ƙalau. Ta kai shi kicin ta kwantar kusa da kurfoti, ta haɗa madarar gwangwani da sukari ta riƙa ɗura masa da cokali. Madarar ta riƙa dawowa ta hanci, kafin la'asar ya mutu. Tana da wasu tumaki biyu masu ciki, tana so ta san yadda za ta yi in haka ta sake faruwa.

Hajiya, Allah ya mayar da alheri, ya sauki sauran lafiya. Ciwon kin gane shi daidai, sanyi ne da yunwa, kuma abin da kika yi shi ne abin da tausayi zai sa kusan kowa ya yi. Matsalar tana wajen sanin wanne ke gaba tsakanin ɗumi da abinci, da kuma hanyar da abincin zai bi ya shiga ciki. Mu masu aikin jinyar dabbobi, kafin mu nemi wuta ko nono, abu biyu muke fara tambaya: awa nawa ke nan da haihuwarsa, kuma yana iya ɗaga kai ya haɗiya ko ba ya iyawa? Duk abin da zai biyo baya a kan amsar nan yake.

Masu kiwo da yawa ba sa yarda sanyi na kashe ɗan tunkiya a Kumasi, sai su ce ai nan ba Turai ba ce. Amma zafin jikin ɗan tunkiya mai lafiya digiri 39 ne zuwa 40, iskar asuba kuwa a nan da damina tana saukowa wajen 21 ko 22, da hunturun Disamba da Janairu ma ta kan yi ƙasa da haka. Ga shi ya fito jiƙe sharkaf, gashinsa gajere, iska na kaɗawa, siminti na zuƙe ɗumin da ya rage ta ƙarƙashinsa. Gajerun tumakinmu na kurmi, waɗanda ma'aikatan gona ke kira Djallonké, irin da ake renon irinsu a tashar kiwon tumaki ta Ejura, ɗansu bai cika wuce kilo 2 ba ranar haihuwa, in tagwaye ne ma sau da yawa ba su kaiwa. Iya ƙanƙantar jiki, iya saurin zubar da ɗumi. Uwa kuma mai tagwaye ta kan shagala da lasar wanda ya fara motsi, ɗayan ya zauna da ruwan haihuwa a jikinsa.

Allah ya yi wa ɗan tunkiya guzuri tun yana ciki: wani kitse na musamman da ke kewaye da ƙoda da zuciya, wanda jiki ke ƙonawa don samar da zafi kawai. Guzurin nan ba shi da yawa. Ga wanda bai sha komai ba, kimanin awa 5 yake kai shi, daga nan sukarin jininsa ya fara faɗuwa. In aka buɗe cikin wanda ya mutu ta wannan hanya, abin a fili yake. Cikin da nono ke sauka fayau, babu ko gudan kindirmo ɗaya a ciki. Kitsen ƙodar da ya kamata a gan shi fari-fari mai kauri ya koma ja mai duhu, ya yi laushi. A duba ƙasan kofatonsa kuma: in ɗan farin nama mai taushi da ake haihuwarsu da shi yana nan bai goge ba, bai taɓa takawa ba ke nan. Irin wannan a unguwa a kan ce iska ce ta buge shi ko an yi masa baki, alhali cikinsa ne ba komai.

Don haka kayan aiki na farko shi ne ma'aunin zafin jiki, irin na yara mai batir da ake sayarwa a kowane kemis. Ki keɓe ɗaya don dabbobi. A shafa wa bakinsa ɗan man kaɗanya, a sa a duburar ɗan tunkiyar kamar santimita 2 zuwa 3, a ɗan jingina shi gefe don ya taɓa nama, a jira ya yi ƙara. Daga 39 zuwa 40 lafiya lau. Tsakanin 37 da 39 sanyi ya fara shiga. Ƙasa da 37 rai na cikin haɗari. Sama da 40 kuwa zazzaɓi ne, ko an cika masa wuta. In babu ma'auni, ki wanke hannu ki sa ɗan yatsa a bakinsa. Mai lafiya bakinsa da ɗumi, kuma nan take za ki ji harshe ya naɗe yatsan yana ja. Wanda ya fara sanyi ja ɗin ba ƙarfi. Wanda ya yi nisa bakin sanyi ne, harshen a sake, ba ya ko motsa shi. Yatsa na faɗin gaskiya, sai dai ba ya nuna miki ko ana samun sauƙi daga rabin awa zuwa rabin awa, shi ya sa nake matsa wa mutane su sayi ma'aunin.

Wanda ke tsakanin 37 da 39 kuma yana tsotso aikinsa ba wuya. A goge shi sosai da tawul ko busasshen tsumma har gashin ya tashi, a kama uwar a sa masa nono a baki, ko a tatso a ba shi, a ajiye su tare inda iska ba ta bugawa. Bayan awa ɗaya a sake aunawa.

Wanda ya sauka ƙasa da 37 amma an tabbata bai kai awa 5 da haihuwa ba, yana da sauran abin ƙonawa a jikinsa. Shi a goge shi, a ɗumama shi tukuna, da ya kai 37 ya fara ɗaga kai sai a ba shi abinci.

Inda ake yawan asara shi ne na ukun: ya sauka ƙasa da 37 kuma ya wuce awa 5, ko ba a san lokacin da aka haife shi ba. Naki, Hajiya, ga dukkan alamu a nan yake, tunda cikin dare aka haife shi. Wannan sukarin jininsa ya ƙare. Sanyin da ke jikinsa ya rage wa komai gudu, har da ƙwaƙwalwa, shi ya sa bai riga ya mutu ba. Da an kai shi gaban wuta, jiki zai farka ya nemi sukari, ƙwaƙwalwa ta nema ta rasa, sai a ga ya kama shure-shure, wuya ya sanƙare ya koma baya, ya cika. Masu shi su yi ta mamaki, su ce ai jikinsa har ya yi ɗumi. Ƙa'idar a nan ita ce a sa masa ƙarfi a jiki kafin a ɗumama shi. In yana iya riƙe kansa a sama kuma yana haɗiya, a zura masa daƙashi, wato nonon farko, mai ɗumi ta siririyar roba har ciki, sannan a ɗumama. In kan na lilo, ba ya haɗiya, to kada a sa masa komai mai ruwa a baki, ko ta cokali ko ta roba. Abin da ke cetonsa allurar gulukos ce a cikin kogon ciki.

Allurar nan aikin likitan dabbobi ce ko wanda aka koya wa da hannu, kuma zan faɗi yadda take ne don ki san abin da za ki nema, kada kuma wani ya yi miki ba daidai ba. Ruwan gulukos ne mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, mil 10 ga kowane kilo, wato mil 20 ga ɗan kilo 2. In mai kashi 50 aka samu, wanda aka fi gani a manyan shagunan magani, sai a zuƙi mil 8 a ƙara mil 12 na ruwan da aka tafasa, a bar shi ya sauko daidai ɗumin jiki. Ana riƙe ɗan tunkiyar ta ƙafafun gaba jikin na rataye, a goge wurin da aidin, a soka gajeriyar allura mai tsabta kamar santimita 1 a gefen cibiya da santimita 2 da rabi ƙasa da ita, bakin allurar na kallon gindin wutsiya. Kuskure kaɗan sai a huda hanji ko mafitsara, shi ya sa ba a koyon ta a rubuce. Aboabo na ƙarƙashin gundumar Asokore Mampong, kuma akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi na Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona da ke kula da yankin, ga kuma makarantar likitancin dabbobi a jami'ar KNUST da ke nan Kumasi. Ki nemi lambar wayar ɗaya daga cikinsu tun yanzu, ki gaya masa watan da kike sa ran haihuwa. Ba ranar da ɗan tunkiya ke kwance ake fara cigiyar likita ba.

In dare ne ba a samu kowa ba, abin da ya rage shi ne a lakato zuma kaɗan ko garin gulukos da aka ɗan jiƙa, a goga a dasashinsa da ƙarƙashin harshe, ɗan abin da ba zai gangara maƙogwaro ba, a goge jikin, a fara ɗumamawa a hankali ana maimaita shafawar. Bai kai allura ba ko kusa, amma ya fi a zuba ido.

Ɗumamawar ma da yadda ake yin ta. Kurfoti ko kaskon wuta yana gasa gefe ɗaya ne ya bar ɗayan, ɗan tunkiyar da ba shi da ƙarfi kuma ba zai iya ja da baya ba in ya ji ƙuna. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki guba ne gare shi da ke kanki. Abin da na fi yarda da shi kwali ne da robobin ruwa. Ki samu kwali mai ɗan zurfi, ki shimfiɗa tsumma, ki cika robobi biyu ko uku masu lita ɗaya da rabi da ruwan zafin da hannu zai iya jurewa, ki naɗe kowace da zane, ki jera su gefe da gefe. Ki kwantar da shi a tsakiya a kan ƙirjinsa, ƙafafu a lanƙwashe ƙarƙashinsa, kada ya kwanta ta gefe. Ki rufa wani zane a sama ki bar kafar iska. Iskar cikin kwalin ta tsaya wajen digiri 35 zuwa 37, kada ta wuce 40. Wannan dabara ba ruwanta da ɗauke wuta. Duk rabin awa a auna shi, a canza ruwan in ya huce. Da ya kai 37 a fito da shi a ba shi abinci, a mayar har ya kai 39, daga nan a cire shi, domin zafin da ya wuce kima shi ma yana kisa, kuma da sauri. Wasu na tsoma su cikin ruwan ɗumi. Yana aiki, amma in za a yi, a sa jikin cikin leda kan na waje, don kada ya sake jiƙewa kuma kada a wanke ƙanshin da uwar ke gane shi da shi.

Sai maganar cokali. Ɗan tunkiyar da sanyi ya ci ƙarfinsa maƙogwaronsa ba ya rufe hanyar numfashi idan ruwa ya zo wucewa. Mai lafiya in ya ƙware zai yi tari ya fitar, wannan ko tarin ba ya iyawa. Madarar da kika ga tana dawowa ta hanci alama ce cewa wata ta riga ta gangara huhu. In da yawa ce, nan take numfashi ke tsayawa. In kaɗan ce, bayan kwana ɗaya ko biyu ciwon huhu ya tashi. Ɗure da cokali, da kofin shayi, da matsa sirinji a baki da ƙarfi, duk hanyarsu ɗaya. Fida ma sai ga wanda ke jan yatsa da ƙarfi.

Robar ciyarwa na ba mutane tsoro, amma ga wanda ke riƙe kansa ta fi cokali aminci nesa ba kusa ba. Siririyar roba ce mai laushi, irin wadda ake sa wa marasa lafiya a asibiti, lamba 14 ko 16, ana samun ta wajen masu sayar da kayan asibiti, tare da babban sirinji mai mil 50 ko 60. Kafin a sa, a gwada ta a waje daga bakinsa zuwa haƙarƙarin ƙarshe, a yi alama a wurin. Ki zauna ki ɗora shi a cinya yana zaune, kansa a yadda yake, kada a tanƙwara shi baya. Ki jiƙa robar da ruwan ɗumi, ki zura ta gefen baki a kan harshe, sannu a hankali, kina ba shi damar haɗiya. In ta bi hanyar abinci za ta tafi sumul har alamar, zai riƙa taunar ta ba tare da damuwa ba, zai iya kuka, kuma in kika sa yatsu a gefen hagu na wuyansa za ki ji tana wucewa. In ta shiga hanyar iska za ta tsaya tun ba ta kai alamar ba, ya yi tari ko ya kama fizge-fizge, sai a zare a sake. Bayan an tabbata, a haɗa sirinjin a tura a hankali. In an gama a matse bakin robar da yatsa kafin a zaro, don kada ragowar ya ɗiga a huhu. Karon farko ki sa ma'aikacin dabbobi ya nuna miki a kan ɗan tunkiya mai lafiya, sau ɗaya ya isa hannu ya gane.

Abin da za a zura kuwa daƙashi ne, wato nonon farko mai kauri, rawaya-rawaya. Har yanzu akwai masu tatse shi su zubar wai yana sa zawo, kuma wannan al'ada tana cin 'ya'yan tumaki da awaki ba kaɗan ba. Mahaifar tunkiya ba ta miƙa wa ɗanta garkuwar jiki yana ciki, ana haihuwarsa ne ba shi da kariya ko kaɗan, duk abin da zai kare shi daga ƙwayoyin cuta a makonnin farko cikin daƙashi yake. Hanjinsa kuma a buɗe yake ga wannan garkuwa na ɗan lokaci ne kawai: awa 6 na farko sun fi kowane lokaci, bayan kwana ɗaya ƙofar ta kusa rufewa gaba ɗaya. Ban da garkuwa, yana da maiƙo mai yawa da ke ba da zafi, kuma shi ke tura baƙin kashin farko ya fita. Ma'aunin shi ne mil 50 ga kowane kilo a kowane shayarwa, da aƙalla mil 200 ga kowane kilo cikin awa 24 na farko. Ɗan kilo 2 ke nan zai sha mil 100 sau huɗu, jimla mil 400, ƙasa kaɗan da cikin ledar piya wata guda. Mai rauni sosai a rage yawan a ƙara sau, kamar mil 50 duk awa 3, har da dare. Ɗan manyan tumakin arewa, Uda ko Balami, da kan kai kilo 3 zuwa 4, lissafinsa ya ƙaru daidai nauyinsa.

Na uwarsa ya fi kowanne. In ba ta da shi, a nemi na wata tunkiyar da ta haihu a ranar, ko na akuya, wanda ke aiki sosai. Na saniya ma ana amfani da shi in an rasa waɗannan, sai dai a ɗan ƙara yawa don bai kai na tunkiya maiƙo ba, kuma jefi-jefi yakan jawo wa wani ɗan tunkiya ƙarancin jini bayan mako ɗaya ko biyu, don haka a riƙa duba cikin fatar idonsa. Daƙashi ba a tafasa shi, wuta na dunƙule shi ta kashe amfaninsa. A sa kwanonsa cikin ruwan ɗumi har ya yi daidai jiki. Duk ranar da wata tunkiya ko akuya ta haifi ɗa ɗaya kuma hantsarta ta cika, ki tatsi kaɗan bayan ɗanta ya ƙoshi, ki ƙulla a ƙananan leda mai tsabta ki sa a firiza, yana yin watanni. Madarar gwangwani da ta gari ba su da garkuwa ko ɗigo, ƙarfi kawai suke bayarwa, sai in ba yadda za a yi. Sukarin shayi kuma cikin jaririn tunkiya ba ya iya narkar da shi, zawo yake sawa, haka ma koko da kunu, domin tumbinsa bai fara aiki ba sai bayan makonni. In ta kama a rene shi da hannu bayan kwanan farko, nonon akuya ya fi, sai na shanu da aka tafasa aka bari ya huce.

Duk wannan ɗawainiya, burinta a mayar da shi wajen uwarsa, don ba mai reno kamar ta. Tun da farko a duba hantsar: a matsa kowane kan nono a ga ya fito, don wani lokaci wani ɗan toshi mai kama da kakin zuma ke rufe bakin, ɗan mai rauni ya yi ta ja ba ya samun komai. In gefe ɗaya ya yi tauri da zafi, ko yana fitar da ruwa-ruwa mai gudaji ko jini, ciwon hantsa ne, sai likita, kuma nono ɗaya da wuya ya riƙe tagwaye. In za ki ɗauke mai raunin na awanni, uwar na iya mantawa da shi ta manne wa ɗayan. Dabarar ita ce a ajiye kwalin inda take ganinsa tana sansanawa, ko a ɗauke tagwayen tare a mayar da su tare. Bayan ya miƙe, a killace su su uku a ɗan wuri kamar mita ɗaya da rabi kowane gefe, kwana 2 ko 3, da ruwa da abinci a gabanta. In tana tunkuɗe shi a ɗaure ta gajere, a riƙe ta ya sha sau da yawa a rana. Yadda za ki san yana samu: ki ɗaga shi ki taɓa cikin bayan haƙarƙari, ki ji shi a cike. Ƙosasshe in ya tashi daga barci yakan yi miƙa. Mayunwaci yana tsayawa a takure, baya a gantsare sama, kwiɓi a lotse, yana ta kuka, in kukan ya ɗauke kuma ba sauƙi ba ne.

Cibiya kada a manta da ita. Da an haihu a tsoma igiyar gaba ɗaya cikin aidin mai ƙarfi, a maimaita bayan 'yan awanni. Toka, ƙasa da baƙin mai ba su da wuri a nan. Ta cibiya ƙwayoyin cuta ke shiga su kumbura gwiwoyi ko su taru a hanta. Akwai kuma raunin da ba na sanyi kaɗai ba. Wanda ya sha wuyar haihuwa yakan fito da kumburarren kai ko harshe, ko jikinsa ya rine rawaya, wani har da karayar haƙarƙari, kuma ana yawan ganin haka in an haɗa ƙaramar tunkiyar kurmi, musamman mai cikin fari, da ƙaton ragon arewa. Wanda bakinsa ke dalala, cikinsa ya kumbura, ya ƙi tsotso a kwana na farko ko na biyu, cuta ce ta shiga hanji, yana bukatar magani da gaggawa. In an ɗumama an ciyar amma bayan wasu awanni bai ɗaga ba, a kira likita.

Yanzu ga tumakinki biyu. Cikin tunkiya wata biyar ne, kwana 145 zuwa 150, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan a makonni 6 na ƙarshe yake faruwa. A lokacin ne ake tara kitsen nan na ƙoda, a lokacin ne hantsa ke haɗa daƙashi. Abin da ke damuna a zangonninmu shi ne ragon layya na ɗaure a inuwa ana ba shi dusa da harawa safe da yamma, tunkiya mai ciki kuwa an sake ta tana bin bola da bakin kwata tana cin leda. Ledar nan taruwa take a tumbi ta cinye wurin abinci, sai a ga ciki ƙato amma ƙashin baya ya fito. Irin wannan uwa ita ke haifar ɗan da ba ya iya tashi, kuma ba ta da nonon ba shi. Ki tsare su a gida daga yanzu. Ki riƙa ba su dusar masara ko dusar koko da aka shanya, da harawar gyaɗa ko ta wake, da ɗanyen ganye, da ɗan tunkuza in ana samu, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan kada a canza musu abinci rana ɗaya. Ɓawon rogo sai an shanya shi ya bushe sarai, kuma shi kaɗai ba ya riƙe mai ciki. Ruwa mai tsabta da gishirin lasa kada su yanke. Ki ja fatar idonsu ta ƙasa ki duba: in ta yi fari maimakon ja, tsutsar ciki na shan jininsu, abin da ya yi yawa a damshin Kumasi, sai likita ya zaɓa musu maganin da bai cutar da ciki. Ki tambaye shi kuma zancen rigakafin PPR, wato annobar tumaki da awaki, da sauran alluran da suka dace da garkenki.

Wurin haihuwa ya zama mai rufin da ba ya yoyo, a kare gefen da feshin ruwa ke shigowa da buhu ko katako, a ɗaga ƙasan kada ruwan tsakar gida ya malalo ciki, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon katako irin wanda ake samu wajen kafintoci da kasuwar katako ta Sokoban. In hantsa ta sauko ta yi tauri, tunkiyar ta ware kanta tana tonon ƙasa tana kwanciya tana tashi, a leƙa ta kafin a kwanta, a leƙa tsakar dare, a leƙa da asuba. Lafiyayyen ɗa yakan miƙe cikin rabin awa ya kama nono kafin awa 2. Wanda ya wuce haka bai sha ba, a tatsa a ba shi, kada a jira bakinsa ya yi sanyi. Ma'aunin zafi, aidin, roba da sirinji, tawul biyu, kwali da robobin ruwa, a haɗa su wuri ɗaya tun yau.

In akwai mai juna biyu a gidan, ɗiya ko suruka, kada ta karɓi haihuwar tunkiya, kada ta taɓa mabiyiya ko jiƙaƙƙen ɗan, kada kuma ta wanke tsumman da aka goge shi da su. Wasu cututtukan da ke sa tumaki ɓari ko haifar raunanan 'ya'ya suna kama mutum, kuma suna iya taɓa cikin mace. Wanda ya yi aikin ya sa safar hannu ko leda, ya wanke hannu da sabulu, a binne mabiyiyar da zurfi inda kare da kyanwa ba za su tono ba. In kuma tumaki biyu ko uku suka yi ɓari ko suka haifi matattu a jere, a sanar da ma'aikatan dabbobi kafin a zubar da komai, don su samu abin da za su gwada.